Ulu, Auduga, Tsumma ko Nailan: Wane Zare Ya Dace da Saƙar Kwarashinki a Kumasi?

Riƙon kwarashi ba ya daɗewa yana ba mai koyo wahala, da an yi 'yan makonni hannu zai faɗa. Zaɓen zare shi ne abin da ke ci gaba da ruɗa mutane har bayan sun ƙware. A Kejetia ko Adum za ki tarar da curin zare jere a kanta kala-kala, mai shago kuma duk wanda kika ɗaga zai ce miki shi ne mai kyau. Yawancinmu launi ke janmu, sai an kai gida an ɓata dare da rana ana saƙa, sannan wanki na farko ya tona asiri: hular jariri ta saki, shimfiɗar tebur ta zuba, mariƙin tukunya ya narke a jikin murfi.

Zare iri huɗu ne mai saƙa a Aboabo, Asawase ko Sabon Zango za ta iya samu ba tare da ta yi oda daga waje ba: ulun kanti, zaren auduga, zaren tsumma da ake yankawa daga riguna masu talewa, da igiyar nailan tare da ƙanwarta, leda. Kafin a bi su ɗaya bayan ɗaya, ga ma'aunin da za a ɗora kowanne a kai.

Abin da za ki duba

Na farko kuɗi, amma kuɗin abin da za ki gama saƙawa, domin farashin curi ɗaya yana yaudara. Da nauyi ake sayar da zare, giram 50 ko giram 100, alhali tsawo ne ke saƙa kaya. Curi biyu masu nauyi ɗaya suna iya bambanta da mita 70 ko fiye. Takardar da ke naɗe da zaren tana nuna giram, mita, lambar kwarashin da ya dace da shi (wato kaurinsa a milimita), da lambar rini, wadda ke nuna curin da aka rina tare. Ki saba da karanta ta. Kusan duk zaren kanti daga waje yake shigowa, galibi Sin da Turkiyya, don haka farashinsa dala yake bi. Wanda ya ga yadda kaya suka yi a ƙarshen 2022, lokacin da hauhawar farashi a Ghana ta haura kashi 54 cikin 100, ya san adadin sidi da aka rubuta yau ba lallai ya kai Sallah mai zuwa ba. Shi ya sa zan kwatanta su da juna kawai, wane ya fi wane tsada.

Na biyu ƙarko, kuma a garin nan ƙarko yana nufin wankin hannu da sabulun sanda, shanya a rana, da danshin damina biyu, ta Maris zuwa Yuli da ta Satumba zuwa Nuwamba. Na uku sauƙin saƙa: ko zaren yana rabewa a bakin kwarashi, ko yana jure warwara, ko yana gajiyar da yatsu. Na huɗu haɗari, wato wuta, fatar jariri da zubar rini. A ganina wannan na huɗun ya kamata ya riga sauran, domin asarar kuɗi ana mayar da ita, ƙuna kuwa tabo take bari.

Ulun kanti

Abin da ake sayarwa da sunan ulu a kasuwanninmu, mafi yawansa ba gashin tumaki ba ne. Akirilik ne, zaren roba da ake haɗawa daga sinadaran man fetur, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya fara samarwa a shekarun 1940. Duk halayensa, masu kyau da marasa kyau, daga nan suka samo asali.

Wajen kuɗi babu kamarsa a cikin zaren kanti. Ya fi auduga araha, ga shi kuma marar nauyi, don haka giram 100 na matsakaicin kauri yakan kai mita 280 zuwa 300, inda auduga mai kauri iri ɗaya take tsayawa tsakanin mita 200 da 250. Idan bargon jariri zai ci mita 900, curi uku na ulu sun kusa isa, auduga kuwa sai huɗu ko biyar. Ribar biyu ce ke nan: curin ya fi arha, kuma ba ki buƙatar da yawa.

Wajen ƙarko yana da fuska biyu. Ba ya tsukewa a ruwa, ba ya fumfuna, asu ba ya cinsa, launinsa ba ya saurin koɗewa, kuma ko rana ba ta fito sosai ba zai bushe, domin ɗan ruwan da yake sha bai taka kara ya karya ba. Amma bayan wanki kaɗan mai arhar yakan fara fitar da ƙananan gudaji a inda ake yawan gogawa, kayan su yi kama da tsoho alhali ba su tsufa ba. Ruwan zafi da dutsen guga kuwa maƙiyansa ne. Da zarar guga ta taɓa shi ya lanƙwame ke nan, ya yi sheƙi, ba zai sake komawa yadda yake ba.

Ga mai koyo shi ne abokin tafiya. Yana ɗan talewa, don haka ko hannunki yana matsewa a wani wuri yana sakewa a wani, saƙar za ta rufa miki asiri. Za ki warware layi sau biyar bai lalace ba. Kwarashi mai lamba 4 zuwa 5, da zare mai haske irin ruwan ƙwai ko shuɗi mai haske, shi ne farawa mai daɗi. Baƙi da ruwan ƙasa mai duhu ki bari sai idonki ya saba gane ramin da za ki soka.

Haɗarinsa wuta. Ulu yana kamawa, yana narkewa, narkakken kuma yana liƙewa a fata. A gidan da ake girki da gawayi a tsakar gida, ana kunna maganin sauro na hayaƙi a ɗaki, ana kunna kyandir in an ɗauke wuta, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kada ki saƙa mariƙin tukunya da shi, ko abin ɗora tukunya mai zafi, ko da kuwa shi kaɗai ne zaren da ya rage miki. Abu na biyu zafi ne. Ba ya tsotse gumi, don haka jaririn da aka naɗe da hula, riga da safar ulu a watan Maris, wai don a yi hoton suna, ƙurajen zafi ne za su biyo baya. Lokacinsa hunturu ne, daga Disamba zuwa Fabrairu, musamman da asuba, ko in za a yi tafiya arewa irin su Tamale da Bawku inda sanyin ya fi cizo.

Akwai wanda masu kitso ke amfani da shi, wanda ake kira Brazilian wool. Shi ma akirilik ne, kuma yana saƙuwa, amma silinsa ba a murɗe suke sosai ba, yana rabewa yana tashi. Don gwaji ya yi, don kayan da za ki kai gidan suna bai yi ba.

Zaren auduga

Iri biyu za ki fi gani. Akwai siriri mai sheƙi da ake yin shimfiɗar tebur, bakin mayafi da farar hular maza da shi, wanda ke son kwarashin ƙarfe mai lamba 1.5 zuwa 2.5. Sheƙin nan daga wanke zaren da ake yi da soda mai ƙarfi yake, dabarar da wani Bature ɗan Ingila, John Mercer, ya gano a 1844, kuma tana ƙara wa zaren ƙarfi da riƙe rini. Akwai kuma mai kauri marar sheƙi, wanda ya fi shan ruwa, shi ne na kayan kicin.

Ya fi ulu tsada, kuma samunsa tsantsa ba kullum ba ne, duk da cewa ana noman auduga a arewacin ƙasar nan, da ita kuma masaƙan Daboya ke saƙa batakari. Zaren kwarashi dai shigo da shi ake yi. Amma in aka lissafa da shekarun da zai yi, tsadar tana raguwa. Auduga tana jure dirza, tana jure ruwan zafi, jiƙewa ma ƙara mata ƙarfi take yi, kuma ba ta fitar da gudaji kamar ulu. Shimfiɗar tebur ta auduga, in an saka mata sitati an goge, tana iya kaiwa a aurar da 'yar da aka haifa shekarar da aka saƙa ta.

Matsalolinta huɗu ne, kuma duk ruwa ne ke jawo su. Tana ɗan tsukewa a wankin farko, don haka hula ki saƙa ta da ɗan sarari. Tana yin nauyi in ta jiƙe, in kika rataya ta a igiya sai ta ja ta zama doguwa, dole a shimfiɗe za ki shanya ta. Sannan tana daɗewa ba ta bushe ba. A watan Yuni, bargon auduga mai kauri yana iya kwana biyu da danshi, in kuwa kika ninke shi a haka kika jefa cikin akwati, baƙin ɗigon fumfuna zai fito, kuma da wuya ya fita. Ta huɗu zubar rini ce: ja, shuɗi mai duhu da baƙi su ne suka fi zuba. Kafin ki haɗa su da fari, ki yanki ɗan guntu ki jiƙa a ruwan sabulu mai ɗumi, ki matse shi cikin farin ƙyalle ki gani.

Wajen saƙa ba ta da sassauci. Ba ta talewa, duk kuskuren hannu a fili yake, kuma in kika daɗe kina yi za ki ji a wuyan hannu. Marar sheƙin yana yawan rabewa a bakin kwarashi. Ladan wahalar shi ne adon saƙar yana fitowa raɗau, kowace fulawa da iyakarta.

Auduga ma tana ci da wuta, kada a yi zaton ba ta ci. Bambancin shi ne tana babbakewa ta zama toka, ba ta narkewa ta kama fata, kuma tana jure zafin murfin tukunya. Mariƙin tukunya ki yi shi ninki biyu da matsattsiyar saƙa marar ramuka, kada kuma ki ɗauki tukunya da shi yana jiƙe, domin ruwan ne zai kai zafin hannunki. Ga fatar jariri a zafinmu, babu zaren da ya kai ta.

A nan ne ya kamata a yi maganar wanda ake kira milk cotton, wanda ya cika shaguna yanzu saboda laushinsa. Yawancinsa gauraye ne da akirilik, wani ma akirilik ɗin ya fi yawa ko da me aka rubuta a takarda. Gwajin ba wuya: ki yanki guntu, ki riƙe da almakashi a kan farantin ƙarfe, ki ƙyasta ashana. Auduga tana warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi. Akirilik yana ƙanƙancewa, ya yi warin roba, ya bar baƙin ƙulli mai tauri. Gashin tumaki na gaske warin ƙonannen gashi yake yi. Gaurayen yana da daɗin saƙa, ya dace da rigar yara da 'yar tsana, amma a kicin ki ɗauke shi a matsayin ulu.

Zaren tsumma

Wannan ke za ki yi abinki. Rigunan tishat na gwanjo, irin waɗanda ake zubarwa a ƙasa a ƙarshen dila, ko tsofaffin na gida, ana yanka su zagaye-zagaye a faɗin santimita 2 zuwa 3, a ja su, sai gefen ya naɗe ya zama igiya. Ƙasar da ke da Kantamanto, babbar kasuwar gwanjo ta Accra, inda miliyoyin tufafin gwanjo ke sauka kowane mako kuma kaso mai yawa ba ya sayuwa, ba za ta rasa wannan zare ba. Rigar da ta huje ko ta yi tabo, wadda mai gwanjo ya rasa yadda zai yi da ita, ita ce kayan aikinki, kuma kusan kyauta za ki same ta. Ki nemi manya, masu faɗi, marasa ɗinki a gefe in da hali, kuma marasa zanen roba a ƙirji, don wurin zanen ba ya naɗewa.

Kuɗin da ba ki biya ba, lokaci za ki biya. Wanki, yanka da naɗewa suna cin yini, kuma abin taka ƙafa na bakin ƙofa ma sai ya lashe riguna da dama. Amma saƙar kanta gudu take yi: kwarashi mai lamba 8 zuwa 12, kwandon zuba kayan jariri yana iya kammaluwa tsakanin La'asar da Isha. Yana son ƙarfin hannu, kuma kauri ba ya zuwa daidai, domin kowace riga da irin yadinta. Samun launi ɗaya mai yawa ma aiki ne, gara ki tsara kayan a kan ratsi-ratsi tun farko. Ragowar atamfa daga wurin tela tana yi, sai dai ba ta talewa kuma gefenta yana zarewa.

Yana da ƙarko ƙwarai a ƙasa, amma shi ne sarkin riƙe ruwa. Abin taka ƙafa na tsumma a ƙofar banɗaki, lokacin damina, wari zai yi. Kuma a kan tayil yana santsi, abin lura a gidan da ke da tsofaffi. Kwandonsa ba zai taɓa tsayawa ƙyam kamar kwandon ciyawa na garin Bolga ba, amma ba ya karce fata kuma yana wankuwa.

Igiyar nailan da leda

Igiyar nailan ko foliyesta, mai kaurin milimita 2 zuwa 3, ta jaka ce da takalmi. Farashinta yana tsakiya, ruwa ba ya yi mata komai, ba ta saki, jakar kasuwa da aka saƙa da ita tana ɗaukar doya ba ta koka ba. Amma tana cin yatsa har ya yi kanta, tana santsi, kuma ƙullinta yana kwancewa in ba a ɗan ƙona bakin da ashana ba. Mai koyo ta bar ta tukuna. Leda kuwa, baƙar da ake ƙulla waake (shinkafa da wake) da ita ko mai launi, in aka yanka ta zobe-zobe aka sarƙa, tana ba da tabarma da jaka ba tare da sisin kwabo ba. Rana tana busar da ita ta riƙa karyewa, kuma dukansu biyu narkewa suke a wuta.

| Zare | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙin saƙa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Ulu (akirilik) | Mafi araha a kanti | Yana jure danshi, yana fitar da gudaji | Mafi sauƙi | Narkewa a wuta, zafi a jiki |
| Auduga | Mai tsada | Yana daɗewa, yana tsoron danshi | Matsakaici, yana gajiyarwa | Zubar rini, fumfuna |
| Gauraye | Tsaka-tsaki | Mai kyau | Mai sauƙi | Takardar na iya yin ƙarya |
| Tsumma | Kusan kyauta | Mai ƙarfi, ba ya saurin bushewa | Yana sauri, yana son ƙarfi | Santsi, wari |
| Nailan | Tsaka-tsaki | Mafi ƙarfi | Mai wuya | Narkewa, ciwon yatsa |
| Leda | Kyauta | Rana na kashe ta | Matsakaici | Narkewa |

Wa ya dace da wanne

In yau kika fara, ki sayi curi biyu na ulu mai haske da kwarashi lamba 4 na ƙarfe, ki yi rigar matashin kujera ko jakar da yaro zai saka Alƙur'aninsa ya tafi makaranta. Kada ki zuba kuɗi a auduga hannunki bai zauna ba.

In kayan suna za ki haɗa, ki lissafa watan haihuwa. Ɗan hunturu zai mori hula da safar ulu mai laushi ko gauraye, wanda zai zo tsakanin Maris da Nuwamba kuwa auduga ce tasa. Ko da wane zare ne, saƙar ta zama mai ƙananan ramuka don kada yatsa ya maƙale, ki soke duk bakin zare ciki sosai domin sili ɗaya yana iya naɗe ɗan yatsan ƙafa ya kumbura, kuma ki haƙura da duwatsun ado da maɓallai. Likitocin yara suna gargaɗi a kan barin bargo sake a wurin barcin jaririn da bai shekara ba, don haka bargon da kika saƙa na goyo ne da na fita unguwa.

Kicin na auduga ce tsantsa, wadda kika gwada da ashana. Soson wanke-wanke kuwa kada ki wahalar da kanki, sapo, soson nan na raga, yana nan ya fi duk abin da kwarashi zai yi. Ɗakin amarya, shimfiɗar tebur da murfin kwanuka, siririn auduga mai sheƙi. Hular Juma'a ta maigida ko ta Baba, farar auduga siririya, don ita ce za ta sha gumi ta kuma jure wanki kowane mako. Ƙasa da kwanduna, tsumma. Duk abin da zai sha ruwa ko ya ɗauki nauyi, nailan.

Mai son sayarwa lissafinta daban ne. Araha ba ta ado, kuma mai saye da ta ga kayanki sun yi gudaji bayan wata ɗaya ba za ta dawo ba, za ta kuma faɗa wa matan gidansu. Ga kayan yara gauraye mai kyau ya fi biyan kuɗinsa, ga jaka nailan. Ki auna abin da kika gama a sikeli ki san giram nawa ya ci, ki ɗora awannin da kika yi a kai kafin ki faɗi farashi. In aka ba ki odar babban abu, ki karɓi kuɗin zare ta MoMo, wato turo kuɗi ta waya, tun farko, ki sayi duk curin da za ki buƙata rana ɗaya da lambar rini ɗaya, har da ƙarin guda, domin ruwan hodar da kika saya yau ba lallai ya zo daidai da wanda shagon zai kawo wata mai zuwa ba.